Injin Ya Tashi, Ruwa Bai Zo Ba

Mun tashi da asuba ranar Asabar, ana sallame salla muka fito, ko gaishe-gaishen ƙofar masallaci ba mu tsaya ba. Mu uku ne a motar: yayana, wanda bakanike ne kuma shi ke tuƙi, da baffanmu ƙanin mahaifinmu, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, sai ni a kujerar baya tare da akwatin sifanu da galan biyu na fetur. Waɗanda suka saba leƙa shafin nan sun san abin da nake kawowa duk mako bai wuce uku ba: labarin tseren motoci, da finafinan kimiyya na sararin samaniya, da ɗan tsokaci kan abin da ke faruwa a ƙasa. Makon nan ban rubuta komai ba, har wasu suka aiko suna tambaya ko lafiya. Lafiya lau. Goronyo na je, ga kuma yadda aka yi.

Gwaggonmu ce ta kira Yaya ranar Alhamis da yamma. Mijinta ya rasu bara, babban ɗanta yana kudu wurin neman abinci, ita ke riƙe da gida da jikoki biyar, kuma abin da gidan zai ci har kaka yana cikin gonar shinkafar rani guda ɗaya da ke fadama bayan gari. Injin ban ruwanta ya mutu tun Talata. An kai wa wani mai gyara, ya taɓa shi, ya yi aikin awa ɗaya ya sake mutuwa. Injinan maƙwabta kuwa kowanne yana kan aikin mai shi, babu na aro a wannan zafi. Shinkafar ta ɗauki ciki, lokacin da ba ta haƙuri da ƙishi. Gwaggo ba mai kiran mutum ba ce a kan ƙaramin abu, shi ya sa da Yaya ya ajiye waya bai yi shawara da kowa ba, ya tafi kasuwa ya sayo ringi da fulogi da sil, wato robar da ke hana fanfo yoyo, da duk abin da ya yi zaton zai buƙata. Ni ya ɗauke ni ne don in riƙa miƙo sifana. Baffa kuma da ya ji mota za ta gabas ya ce a sa da shi, zai ga ƙanwarsa, kuma akwai ta'aziyyar wani abokin aikinsa a Rabah da ya kamata ya yi.

Tsarin Yaya shi ne mu isa Goronyo kafin ƙarfe tara, ya gyara injin kafin azahar, mu kamo hanya da la'asar mu kwana a Sakkwato, don ranar Lahadi akwai tsere kuma shekara uku ke nan bai taɓa barin ko ɗaya ya wuce shi ba. Maganar Rabah ta ɓata masa lissafi, amma ba a yi wa Baffa musu. Iyakar abin da ya yi shi ne ya ƙara taka mota.

Hanyar Achida da sassafe tana da daɗin bi. Akwai ramuka jefi-jefi, kuma Yaya ya san su kamar ɗakunan gidansu, yana kauce musu da hannu ɗaya yana yi mini bayanin sabbin motocin tsere na bana. Ra'ayinsa shi ne an kashe wasan tun da aka mayar da kusan rabin ƙarfin motar na batir. A cewarsa da can in motar ta wuce har a ƙirji kake jin ta, yanzu kuwa sai ka ce keken ɗinki. Ni ban yarda ba. Na daɗe ina faɗa a shafin nan cewa ƙara ba ita ce tsere ba, kuma mafi yawan nasarar a gareji ake cin ta, wurin wanda ya san lokacin da za a kira direba a sauya masa taya. Mun yi wannan gardamar ta fi sau hamsin, kowa ya san abin da ɗan'uwansa zai ce. Baffa yana gaba, hannu ɗaya ya riƙe marikin da ke saman ƙofa, ɗaya kuma yana riƙe da ƙaramar rediyonsa a kunne. Can ya sauke ta.

“Wai ku tsaya. Mutanen ga, ina suka tahiya in sun tashi?”

Yaya ya ce ba ko'ina suke zuwa ba, zagaye suke yi, sau hamsin ko sittin, su dawo inda suka tashi.

“Kuma ba su ɗaukar kowa?”

Muka ce kujera ɗaya ce a motar.

“To Allah shi kyauta,” in ji Baffa, ya mayar da rediyo kunne. Ya ƙara da cewa Yaya ya rage gudu, shi fasinja ne kuma yana da inda za shi.

A Achida muka karya kumallo. Akwai wata mai masa a gefen titi da ba na wuce ta, masarta manya ce, tana da ɗan tsami, tana zuba kuli-kuli da yaji ba rowa. Kuɗin da bara zai ba ka goma yanzu shida yake bayarwa, amma girman bai ragu ba, na yaba mata da wannan. Teburin mai shayi ya cika da direbobin motocin albasa da 'yan kasuwa masu jiran mota zuwa birni, kuma hirar duk ta 'yan siyasar da ke sauya sheƙa ce. Wani ya ce shi ya daina cire hoton da ke jikin shagonsa, alamar jam'iyya kawai yake liƙewa da sabuwa. Ni abin da na gani shi ne, direbobin tsere ma suna barin kamfani su koma wani duk shekara, amma su suna fitowa fili su ce motar can ta fi gudu. 'Yan siyasarmu kuwa sai an tara jama'a a rana an ce saboda talakawa aka yi. Na faɗi haka a teburin, mutum biyu suka yi dariya, sauran ba su san wane tsere nake nufi ba.

Daga nan muka ratse zuwa Rabah. Rana ta fara zafi tun ƙarfe takwas. Gonakin tudu duk a share suke ana jiran damina, an tara taki tuli-tuli, bishiyoyin mangwaro ne kaɗai ke da kore. Mun wuce shingen jami'an tsaro biyu, suka leƙa, suka ga furfurar Baffa da akwatin sifanu, suka ce mu sauka lafiya.

Zaman ta'aziyya ya ɗauke mu fiye da awa guda. An shimfiɗa tabarmi a inuwar dogon yaro, tsofaffin malamai sun haɗu, kowa sai ya tuno shekarar da aka tura su wani ƙauye tare da marigayin. Yaya yana ta duba agogo a ɓoye. Ni kuwa na kasa kunne, don bayan addu'a hirar ta juya kan abubuwan da nake rubutu a kansu. Taki ya yi tsada, shinkafa kuma ta faɗi a kasuwa, wanda ya noma bai san ko zai fita ba. Wani ya mayar da injinsa na gas ɗin girki saboda fetur, wani yana son mai aiki da hasken rana amma hannunsa bai kai ba. Akwai wani bawan Allah a gefena, siriri, mai tsabtar tufafi, da ya ce wata huɗu ke nan iyalinsa suna cikin garin Rabah a gidan wani ɗan'uwa. Da safe yake zuwa ƙauyensu ya duba gona, kafin la'asar ya baro. Ya faɗi haka ne ba tare da ɗaga murya ba, kamar mai ba da labarin farashin gero. Ni a Sakkwato in na rubuta “matsalar tsaro a gabashi” layi biyu nake yi in wuce kan labarin mota. Ban ce masa komai ba ban da Allah ya kawo sauƙi.

Mun baro Rabah wajen ƙarfe goma, ba mu yi nisa ba tayar baya ta dama ta sace. Ƙusa ce, doguwa, ta shige har kai. A tseren da muke kallo, mutum kusan ashirin ne ke rufar wa mota su sauya tayoyi huɗu kafin ka ƙirga uku. Yaya ya ce in duba agogo, zai nuna mini aiki. Ya kwance notuna cikin minti biyu, wannan gaskiya ne. Sai dai gefen hanyar rairayi ne, duk lokacin da ya ɗaga jak, maimakon mota ta yi sama sai jak ɗin ya nutse ƙasa. Muka nemi dutse, babu. Muka gwada murfin akwatin sifanu, ya lanƙwashe. Baffa ya koma inuwar wata aduwa ya zauna yana kallonmu. Muna cikin haka wani manomi ɗan Tursa ya zo a kan babur da buhu biyu a baya. Ya tsaya, ya dube mu, ya kwance wani guntun katako da yake tokare buhunan da shi ya miƙo. Da shi muka ɗaga motar. Ya jira har muka gama ya karɓi katakonsa ya ɗaure kayansa ya wuce. Na duba agogo, minti arba'in da uku. Yaya ya ce kada in kuskura in rubuta, na ce to.

Ba a shiga hanyar Goronyo ba safaya, don haka dole muka shiga Wurno neman mai faci. Wurno a wannan lokaci warin tafarnuwa ne ke fara yi maka maraba, an shanya ta a ƙofar gidaje, mata da tsofaffi suna gyara ana ɗurawa a buhu. Ta ɗaya gefen kuma fadama ce shimfiɗe, kore shar, har ido ya gaji. Mai facin ba shi da wuta, sai da ya tayar da nasa injin, ga mutum uku a gabanmu. Muka yi azahar, muka sha fura da nono mai sanyin randa a wurin wata Bafulatana, muka sayi mangwaro. Ƙanƙara kuwa ta fi komai daraja a garin, guntun da bai kai tafin hannu ba sai ka yi ciniki.

A zaman jiran nan ne Baffa ya tambaye ni finafinan da yake ji ana cewa ina rubutu a kansu. Na yi masa bayani cewa labarai ne na ƙirƙira da ake ginawa a kan kimiyya: mutane sun bar duniyar nan sun koma wata, ko injuna sun yi wayo har sun fi mai su. Na gaya masa ra'ayina, wanda kuka riga kuka sani, cewa kashi biyu ne. Akwai na dodanni da harbe-harben haske, waɗannan ba su dame ni ba. Waɗanda nake so su ne inda wani abu ke lalacewa a cikin jirgi, iska tana ƙarewa ko ruwa, mutum huɗu ko biyar su zauna su yi tunani da abin da ke hannunsu har su tsira. Na ba shi misali da yadda ake hasashen in mutane suka je duniyar Mas, ruwan da za su sha sai sun haƙo shi daga ƙarƙashin ƙasa. Baffa ya saurara sosai, har ya kashe rediyo. Ya ce shi ma ya ji a labarai cewa masu kuɗin duniya suna shirin tafiya can, kuma bai ga laifinsu ba, in dai za su tafi gaba ɗaya. Abin da bai gane ba shi ne yadda mutum zai zauna awa biyu yana kallon abin da shi da mai shirya shi duk sun san ƙarya ne. Na ce ai tatsuniya ma haka take. Ya ce tatsuniya kyauta ake yin ta.

Mun wuce Rimawa ƙarfe biyu ta gota. Kasuwar gefen hanya ta yi tsit saboda rana, masu rake da masu kankana duk sun shige ƙarƙashin rumfa, awaki sun lafe a jikin bango. Daga nan Yaya ya daina duba agogo. Shi ma ya san tsarinsa ya rushe, saura kawai ya ga abin da zai iya cetowa.

Da muka isa Goronyo Gwaggo ba ta gida, tana gona tun safe. Muka bar motar a inda hanya ta ƙare muka taka da ƙafa, ni da akwati a ka. Gonakin da muka ratsa duk ruwa kwance a fangalinsu, injuna suna ta ƙara ta ko'ina. Tata ce kaɗai shiru. Ƙasar ta tsage har kana iya zura yatsu, ganyen ya naɗe kamar tsinke, fangalin da ke can sama kuwa sun koma ruwan toka. Tana zaune a ƙarƙashin wata 'yar rumfar kara kusa da injin, ta rufe shi da buhu kada rana ta dake shi. Ta gaisa da Baffa, ta amsa gaisuwarmu, sannan ta dubi Yaya.

“Kun yi rana, ɗana. Mi ya tsai da ku?”

Baffa ya ce shi ne, a yi haƙuri. Ba ta sake tayar da maganar ba.

Na sha ganin Yaya yana aiki a garejinsa, amma ban taɓa ganin ya natsu kamar ranar ba. Ya shimfiɗa buhu, ya warware injin ɗaya bayan ɗaya, yana jera kowane noti a inda zai tuna. Ya wanke kafireto, ya sa sabon ringi da fulogi, ya zuba baƙin mai. Da ya buɗe ɓangaren fanfo ya ga sil ɗin ya ƙone ƙurmus, ya ɗan tsaya yana juya shi a hannu, sannan ya sa sabo. Wajen ƙarfe biyar ya ja igiya, a ja na biyu injin ya kama. Ƙararsa lafiyayya, ko ni na ji bambanci. Gwaggo ta miƙe tsaye. Aka ɗura ruwa a bakin fanfo, aka haɗa tiyo da bututun rijiyar da ke kafe a ƙasa. Tiyon ya yi motsi, ya tofar da ruwa kamar cikin kofi biyu, ya koma fitar da iska. Yaya ya kashe, ya sake ɗurawa, ya duba ko'ina ko akwai inda ke shan iska, ya ɗaure da roba, ya sake tayarwa. Sau huɗu. Injin yana aiki, ruwa bai zo ba.

Maƙwabcinta na gona, wani dattijo abokin marigayi mijinta wanda shi ke taimaka mata da ban ruwa, yana tsaye yana kallo tun ɗazu. Sai lokacin ya matso.

“Malam bakanike, injinka lahiya lau shi ke. Ruwan na sunka yi ƙasa.”

Ya yi bayani cewa bana zafi ya yi yawa kuma kowa yana ja, ruwan ƙasa ya sauka fiye da inda irin wannan injin ke iya zuƙowa. Gonarsa tana kusa da gulbi shi ya sa abin bai kai gare shi ba, amma waɗanda ke sama-sama duk sun haƙa rami a gindin bututu sun saukar da injin ciki don ya kusanci ruwan. Ya ce ya yi zaton haka tun farko, bai dai so ya sa a yi haƙa ba alhali ba a tabbatar injin na da rai ba. Yaya ya ɗauko ƙonannen sil ɗin ya sake dubawa, ya gyaɗa kai. Abin da ya kashe injin ke nan tun asali, ya yi ta jan iska har ya ƙone. Ramin kuwa sai ya kai wuyan mutum, aikin rabin yini ne ga masu ƙarfi, kuma saboda rashin tsaro ba a kai magariba a fadama yanzu.

In za mu koma Sakkwato a ranar, to lokacin ne, ko minti goma ba mu da shi. Gwaggo da kanta ta ce mu tafi, an gode, abin da aka kira mu mu yi mun yi, gobe za ta nemi masu haƙa. Mun san ba ta da su, kowa yana fama da tasa gonar, kuma ko an haƙa sai an yanke bututu an sake haɗawa. Na dubi Yaya. Yana goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa.

“Gwaggo, akwai tabarma gidanki?”

Ta ce akwai. Ya ce to a samo diga da shebur kafin safe.

A gida aka yi mana tuwon shinkafa da miyar sure da busasshen kifi, muka ci har muka kasa tashi. Muka yi isha muka kwanta a tsakar gida, ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba.

Gari na wayewa muna fadama. Dattijon ya zo da wasu manoma biyu da ya yi wa magana a masallaci, suka ce za su ba mu zuwa hantsi, sai dai suka kai har ƙarshe. Aka zana da'ira a gindin bututu aka fara. Saman ƙasar laka ce da ta bushe, diga tana dukanta tana tsalle. Na karɓa da ƙarfin gwiwa, na yi minti ashirin, tafin hannuna ya yi bororo biyu suka fashe. Ɗaya daga cikin manoman ya karɓe digar cikin ladabi ya ce in koma kwasar ƙasa da daro. A nan na ƙare, kuma ko a nan ba ni ne gwani ba. Baffa, da shekarunsa, ya naɗe hannun riga yana jan daro da igiya daga sama. Sau ɗaya ya leƙo ya tambaye ni ko mutanen Mas ma da diga za su yi, aka yi dariya har da waɗanda ba su san zancen ba. Yaya kuwa bai fito daga ramin ba sai don shan ruwa. Lokacin da ake fara tseren da ya ƙwallafa rai a kai, yana tsaye cikin rami har ƙirji, laka har gira, kuma ko sau ɗaya bai taɓa wayarsa ba. Ko ya taɓa ma babu sabis a wurin.

Da aka wuce ƙugu ƙasar ta sauya, ta koma rairayi mai laima, aiki ya yi sauƙi amma bango ya fara zubowa, sai da aka faɗaɗa bakin. Wajen sha ɗaya da rabi dattijon ya shiga ya auna da jikinsa ya ce ya isa. Yaya ya yanke bututun da zarto, ya sake haɗa bakin, aka ɗaure injin da igiya mutum huɗu suka zura shi a hankali. Aka ɗura ruwa. Ya yi bisimilla ya ja. Tiyon ya yi tari sau biyu, ya yi shiru, sai ya kumbura daga gindi, kumburin yana tafiya kamar abu mai rai, ruwa ya fashe a bakinsa, ja da farko, daga baya fari tas.

Babu wanda ya yi ihu. Manoman suka ce alhamdu lillahi, suka wanke hannu da fuska a ciki. Ni na ɗauki bakin tiyon na nufi fangalin sama, waɗanda suka fi bushewa, don a ganina su suka fi buƙata. Gwaggo ta tsayar da ni.

“Bar waɗancan, sun tahi. Kai ma na ƙasa, su ad da sauran rai.”

Kusan kashi ɗaya cikin uku na gonar ke nan ta yafe a tsaye, da magana ɗaya, ba ta ko sake waiwayar wurin ba. Ta karɓi fartanya da kanta tana buɗe bakin fangali, ruwa yana shiga tsagar ƙasa yana ɓacewa, sai da ƙasar ta ƙoshi sannan ya fara kwanciya. Muka tsaya har fangali huɗu suka cika. Yaya ya nuna wa dattijon yadda zai gane in injin ya fara jan iska, ya ce a kashe nan take, ya bar musu sil guda da fetur ɗin da muka zo da shi.

Bayan azahar muka yi sallama. Gwaggo ta cusa mana albasa da busasshen kifi a but, ta riƙe hannun Yaya ta yi masa addu'a doguwa, shi kuma yana ta kallon ƙasa. Mun biya ta bakin madatsar ruwa na minti kaɗan don Baffa ya ce rabonsa da ita shekara goma. Ruwan ya ja baya sosai, ana ganin alamar inda yake kaiwa da damina, masunta suna gyaran koma a kan busasshiyar gaɓa. Muka ci soyayyen kifi da yaji a tsaye muka kama hanya. A dawowa Yaya bai yi gudu ba, hannuwansa sun yi tsami. Sai a Achida sabis ya dawo sosai, ya duba sakamakon, direban da yake goyon baya ya zo na bakwai. Ya ce da ma ya san tayoyin nan ba za su kai shi ba, muka ɗan taɓa gardama ta minti biyar, ba ta yi armashi ba, kowa ya gaji.

Mun shigo Sakkwato kafin magariba. Innarmu ta ga hannuna ta tambaya ko faɗuwa na yi, da na ce haƙa na yi sai ta kira matar Yaya ta zo ta gani.

Ba zan ce tafiyar ta sauya ni ba, mako mai zuwa za ku ga na dawo da surutun taya da batir da jiragen 'yan sama jannati, don ina son su kuma ban ga laifin hakan ba. Abin da na ƙaru da shi kaɗan ne. Na gane in zan rubuta tsadar fetur ko saukar ruwa ko rashin tsaro, akwai wanda abin yake nufin tuwon jikokinsa, ya kamata in rage saurin yanke hukunci daga kan kujera. Na gane gwanin inji yana iya yin aikinsa daidai ruwa kuma ya ƙi zuwa, sai ya saurari wanda ya san ƙasar. Na kuma ga yayana ta wata fuska da ban san shi da ita ba, duk da ɗaki ɗaya muka tashi.

Jiya da hantsi Gwaggo ta kira. Ba ta yi doguwar gaisuwa ba saboda kati. Ta ce in gaya wa Yaya injin bai tsaya ba, kuma shinkafar ƙasa ta fara fitar da kai.